Amsa ga mai tambaya kan rage yawan haihuwa ba tare da zalunci ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai hanyar rage saurin ƙaruwar jama'a ba tare da an tauye haƙƙin kowa ba, ganin yadda gonakin gado ke ta ƙanƙancewa. Ni shekarata 14 ina karɓar haihuwa a asibitin karkara, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Ranar da ka ce wa magidanci "ƙayyade iyali", kun rabu ke nan. Zai ce maka bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, ya ja matarsa su tafi. Amma ka ce "tazarar haihuwa", ka tuna masa Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, sai ka ga ya gyara zama. Ai kakanninmu ma sun san haka, shi ya sa kwanika ta zama abin gori a tsakanin mata.

Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa mini da ciki na tara, huɗu cikin 'ya'yanta sun rasu tun kafin yaye. Da wane baki zan ce mata ta huta? Sai da muka dage da rigakafi da maganin zazzaɓin yara na damina, mace-macen suka ragu, sannan mata suka fara zuwa da ƙafarsu neman allurar tazarar haihuwa ko robar da ake sakawa ƙarƙashin fatar hannu. Wasu a ɓoye suke zuwa, kuma ba na son haka, don in maigida ya gano, aure na iya girgiza. Shi ya sa makarantun magidanta da aka fara a Damagaram suka burge ni, inda maza ke zama su tattauna lafiyar matansu.

Tilas kam an gwada ta. Indiya ta yi wa miliyoyin maza aikin hana haihuwa tsakanin 1975 da 1977, da yawa ba da son ransu ba, jama'a suka kayar da firaministar ƙasar, Indira Gandhi, a zaɓen 1977. Sin ta riƙe dokar ɗa ɗaya har 2015, yau ga ta tana lallashin mutane su haihu. Iran kuwa daga 1989 ta bi ta hannun malamai da ƙananan asibitocin ƙauye, haihuwa ta sauko daga sama da shida ga kowace mace a farkon shekarun 1980 zuwa wajen biyu a 2000.

A wurinmu dai, matan da suka gama sakandare su ne suka fi zuwa ɗakina tare da mazajensu, su zaɓi abin da suke so, ni nawa bayani ne kawai.