Hukuncin zane da sayar da shi a baje koli da intanet

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙasar Birnin Kudu. Ina zana gonaki, kasuwa da garken shanu da fenti a kan ƙyalle, idan an ba ni aiki kuma ina zana fuskar mutum da fensir daga hoton waya. A Facebook da Instagram nake tallata su. Yanzu wani mai ɗakin baje koli a Abuja ya ce in aika masa guda 10, zai riƙa ɗaukar kashi 30 cikin 100 na duk wanda aka saya. Wasu a garinmu sun ce kuɗin duk haram ne. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, kuɗin zane yana bin hukuncin abin da aka zana ne, don haka ba a yi masa kuɗin goro.

Irin tambayarka an taɓa yi wa Abdullahi ɗan Abbas. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai zanen surori ya nemi fatawarsa, sai ya gaya masa gargaɗin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, cewa za a azabtar da mai yin sura ranar ƙiyama. A lafazin Bukhari, za a tilasta masa busa mata rai, kuma ba zai iya ba. Sannan ya nuna masa mafita: in ba makawa sai ya yi, ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ke nan gona, dutse, rafi, rumbu, ganuwa, dagi da zanen bangon soro duk halal ne, zanawa da nunawa da cin kuɗinsu.

Mutum-mutumi kuwa, na mutum ko dabba, mai jiki da inuwa, cikakken gaɓoɓi, na laka ko siminti ko itace, haramun ne, kuma Dardiri, malamin fiƙihun Malikiyya, ya ambaci ijma'i, wato haɗuwar malamai, a kai. A hadisin Jabir an haramta cinikin gumaka tare da giya, mushe da alade. An keɓe 'yar tsanar yara, saboda Nana A'isha ta yi wasa da su a gidan Annabi.

Inda aikinka ya faɗa shi ne zanen mai rai a shimfiɗe, a takarda ko ƙyalle, kuma nan ne malamai suka saɓa. Nawawi a sharhin Muslim ya haramta shi, da inuwa ko babu, kuma jamhuru, wato mafi yawan malamai, suna kan haka. Hujjarsu labulen Nana A'isha mai surori wanda Annabi ya yage, ta mayar da shi matashin kai. Malikawa sun tsaya a karhanci, suna kafa hujja da hadisin da ya togace zanen da ke jikin tufa. Wanda ya yi karatun zaure zai tuna Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta ce an karhanta surori a gadaje, bango da zobe, zanen jikin tufa ba ya ciki, amma barinsa ya fi. Saboda haka mai cewa babu saɓani a haramcin ya yi kuskure, haka ma mai cewa babu komai ko kaɗan.

Abin da nake ba ka fatawa da shi: ka mayar da ƙarfin sana'arka kan abin da ba shi da rai. Shanu da 'yan kasuwa ka zana su daga nesa ko ta baya, ba a fayyace fuska ba. Zanen fensir da ya tsaya a ƙirji ya fi sauƙi a mazhabarmu ta Malikiyya, domin surar da ta rasa abin da ba a rayuwa sai da shi ba ta kai cikakkiya ba. Kuɗinsa bai haramta ba a wannan ƙaulin, amma makaruhi ne, wanda ya bari ya kuɓuta daga saɓani. Ko a nan akwai abin da ba za ka karɓa ba: tsiraici, zanen mace daga hoton da aka kawo ba da saninta ba, da surar malami ko shugaba da ka san za a rataya don neman albarka. Ɗan Abbas ya bayyana cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu sunayen salihan bayi ne da aka kafa don tunawa, daga baya aka bauta musu. Zanen da aka biya ka kuwa, kada ka saka shi a shafinka sai mai fuskar ya yarda.

La'adar mutumin Abuja ita ce mutanen garinku ba su duba ba. Imamu Malik a Muwaɗɗa bai yarda a ce wa dillali yana da kaza a kowane dinari ba, domin duk ragin da aka yi a farashi yana rage haƙƙinsa, ladan ya zama ba a san shi ba. Wasu malamai sun halatta kaso, tunda ana sanin adadinsa da zarar an sayar. Hanyar da ta fi tsabta ita ce ku yanke farashin kowane zane a rubuce. Idan ₦100,000 ne, a rubuta cewa nasa ₦30,000 ne. Ku rubuta mafi ƙarancin farashin da zai sallama, ranar da zai turo kuɗi, wanda zai biya kuɗin mota zuwa da dawowa, da wanda zai ɗauki asara idan zane ya yage a hannunsa. In za a yi gwanjo, haramun ne a sa aboki ya riƙa taya kaya don ɗaga farashi ba da niyyar saye ba. Wannan shi ne najashi da Annabi ya hana.

Sayarwa ta waya cinikin abin da ba ya gaban mai saye ne, kuma Risala ta halatta shi bisa siffantawa. Ka faɗi tsawo da faɗi, misali inci 24 da 36, irin fentin, da ko aikin hannu ne ko bugun inji. Kada ka ƙara wa hoton haske har launin ya saɓa da na zahiri, domin in kaya ya saɓa wa siffa mai saye yana da damar mayarwa. In ka ce kwafi 20 kacal za ka buga, na 21 algus ne. Asarar hanya a kanka take har mai saye ya karɓa, sai in kun sharɗanta akasin haka. Shi ya sa ba a naɗe fentin mai kafin ya bushe sarai, yana mannewa. A naɗe shi fuskar fentin na waje don kada ya tsattsage, a zura a bututun roba kafin a ba direba a tasha. Na gawayi da fensir sai an fesa masa maganin kama zane, in ba haka ba ya dame.

Kwafar zanen wani ka sa hannunka bai halatta ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta zartar cewa haƙƙin ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a.

In kana rubuta ayoyi, irin na allon zayyana, ka yi da alwala, alaramma ya duba maka wasali kafin ya fita, kuma kada a jingine shi a ƙasa wajen baje koli. Muhtasar na Halil, shi ma littafin fiƙihun Malikiyya, ya hana sayar wa wanda ba Musulmi ba Alƙur'ani, masu sharhi suka haɗa da yankinsa. Tunda ba ka san wanda zai saya a Abuja ba, aika allon da zayyana kaɗai, ba aya.

Wallahu a'alam.