Tambaya da Amsa: Wai lissafi zai iya gano wanda zai kashe mukayyif?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Shara Mansur nan Makka, shiƙƙa (sashen haya) huɗu ne a imararmu, wato ginin da muke ciki, kuma mita ɗaya muke amfani da ita, in fatura (takardar kuɗin wuta) ta zo a raba huɗu. Lokacin zafi kuɗin wuta na neman kashe mu, kowa ya bar mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki, AC) a kunne dare da rana har wanda ya tafi Harami ya bar ɗaki ba kowa. Yarona da yake karatun lissafi a jami'a yace wai akwai masana da suke lissafa yadda maƙwabta ke koyi da juna wajen rage shan wuta. Nace masa kai tafi can, zuciyar mutum ake sa wa lamba? Don Allah gaskiya ne, kuma zai mana wani amfani?
Baban Amira, Makka

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Yaronka bai yi maka ƙarya ba, sai dai ba zuciya suke aunawa ba. Tambayar da suke yi ita ce, mutum nawa sai ka ga sun yi abu kafin kai ma ka yi?

Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, shi ya fito da wannan a 1978. Yace a ɗauka mutum 100 ne a dandali, na farko baya jiran kowa shi zai fara, na biyu sai ya ga mutum ɗaya ya yi, na uku sai ya ga biyu, haka haka har na ƙarshe da sai ya ga 99. Na farko na motsawa zai ja na biyu, su biyun su ja na uku, kafin kace kwabo duka ɗarin sun shiga. Toh yanzu canja mutum ɗaya tak, wancan na biyun ya zama shi ma sai ya ga biyu. Na farko ya fara, ya waiga ba kowa, shikenan magana ta mutu a mutum ɗaya. Jama'a ɗaya ce fa, halinsu kusan ɗaya, amma nan kowa ya bi can ba wanda ya bi. Shi Granovetter da tarzoma ya buga misalin, daga baya masu binciken makamashi suka ɗauka suna zuba gidaje dubbai a kwamfuta, kowane gida da nasa adadin da kuma maƙwabtan da yake gani, sai a saki abin a ga ko ɗabi'ar zata bazu ko zata tsaya. Wasu kuma lissafin yaɗuwar annoba suke arowa, wanda ya rage wuta kamar mai ɗauke da mura ne yana shafa wa na kusa da shi, wasu su kamu wasu su warke su koma gidan jiya.

Kuma an gwada a zahiri. A garin San Marcos na Kalifoniya, binciken da Wesley Schultz da abokansa suka fitar a 2007, an riƙa nuna wa gidaje abin da suka sha da kuma matsakaicin abin da unguwa ke sha. Masu sha da yawa suka rage. Amma abin dariya, masu tattalin da suka ga ashe su ne a ƙasa sai suka ƙara, wato ai ashe ni kaɗai nake wahalar da kaina. Da aka zana musu 'yar fuska mai murmushi a takardar sai suka tsaya a inda suke. Wani kamfanin Amurka, Opower, ya mayar da aika wa gidaje irin wannan takarda sana'a, kuma masanin tattalin arziki Hunt Allcott da ya bi gidaje kusan 600,000 ya samu ragin kusan kashi 2 cikin ɗari a binciken da ya fitar a 2011. Kaɗan ne, kar wani ya ruɗe ka, amma takarda ce kawai aka aika ba a taɓa farashi ba.

Nan Saudiyya kuwa farashin aka taɓa, tun Janairun 2018 yunit ɗaya na wuta (kilowat-awa) ya koma halala 18 (halala 100 ce riyal ɗaya) har zuwa yunit 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30, bayan a da matakin farko halala 5 ne. Ga harajin kashi 15 a kai tun 2020.

Yanzu mu dawo imararku, inda nake ganin matsalar taku ta fi ta mutanen Kalifoniya. Duk wancan lissafin ya dogara ne da gani. Wanda ya sa sola a rufin gida kowa na wucewa yana gani, shi kuwa wanda ya kashe mukayyif a ɗakinsa wa ya gani? Ba kowa. Sannan ga mita ɗaya, in ka matse kanka ka rage riyal 100 aka raba huɗu, 25 ce taka, 75 ka yi wa maƙwabta sadaka ba da niyya ba. Dole kowa ya zauna yana jiran wani ya fara, ba wai mugun hali bane.

Da ni ne, mai gida zan fara samu a yi maganar raba mita, ko aƙalla a sa wa kowace shiƙƙa ƙaramar mita tata. In hakan bai samu ba, kar ka tara kowa ka yi wa'azi, ka nemi mutum ɗaya wanda ka san baya buƙatar dogon lallashi, shi ne na biyun nan na Granovetter. Ku biyu ku sa mukayyif a digiri 24, ku wanke matatarsa, ku kashe in za a fita. Fatura na zuwa ka ɗauki hotonta ka jefa a gurup ɗin WhatsApp na gidan tare da ta watan baya, ka gode wa wanda ya yi ƙoƙari ka kama sunansa, wanda bai yi ba kar ka ambace shi ko da wasa, zaman tare ake. Sai dai ka lura, faturar Agusta da ta Oktoba ba a haɗa su, sauƙin zafi kaɗai zai sauke kuɗin, gara ka kwatanta da ta wannan watan na bara. Wannan ɓangaren ka bar wa yaron, tunda shi ya jawo maganar ya zauna ya yi muku lissafin, a gaishe shi.