Amsa ga Malaminmu na Kano: yadda ake jinyar naƙasassu a zangon Ghana

Assalamu alaikum Malam. Tambayarka ta iso mu: wai da gaske ne a Ghana makaho da gurgu da tsoho ba sa biyan ko sisi a asibiti, kuma mu mutanen zango yaya muke yi da namu? Wanda ya ba ka labarin bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya kawo maka. Kyautar tana nan a doka, amma tana rataye ne a jikin katin inshorar lafiya, katin kuma mutuwa yake yi duk shekara.

Tun 2003 Ghana ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, aka sabunta dokar a 2012. Yawancin kuɗinta daga harajin kashi 2.5 cikin 100 ne da ake ɗorawa kan kayan da jama'a ke saye. An yafe kuɗin shekara ga yaro ƙasa da 18, da tsoho mai 70 zuwa sama, da mace mai ciki, da mai taɓin hankali, da wanda aka tabbatar ba shi da cin yau balle na gobe, da wasu rukunan masu naƙasa. Ka lura da kalmar nan, “aka tabbatar”. Ganin mutum a kan keke ba ya sa ma'aikacin inshora ya yafe masa, sai ofishin walwalar jama'a na gundumarsa ya sa sunansa a takarda. Mai naƙasar da bai taɓa taka ofishin nan ba, biya yake yi kamar kowa, shi ya sa za ka ji guragu biyu a lungu ɗaya, wannan yana rantsuwa kyauta ne, wancan yana rantsuwa ƙarya ce, kuma dukansu gaskiya suka faɗa.

Sabunta katin ba wuya: a danna *929# a waya, a biya ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya. Wahalar ita ce tunawa. Tsohuwar da ba ta karatun boko ba ta san katinta ya ƙare ba sai ranar da hawan jini ya kayar da ita, aka kai ta asibitin Maamobi ko na Manhyia, aka duba na'ura aka ce kati ya mutu. In an yi sa'a bai daɗe da ƙarewa ba, ana sabuntawa nan take. In ya haura wata uku a mace, ko kuma sabon shiga ne, galibi sai an jira wata guda kafin ya fara aiki, ciwo kuwa ba ya jiran wata. Ga kuma maganar shekaru. Da yawa cikin tsofaffinmu ba su da takardar haihuwa, shekarar da aka rubuta musu a katin ɗan ƙasa, wato Ghana Card, ƙiyasi ce, wani an rage masa biyar ko shida a ranar rajista ba wanda ya damu. Sai ga dattijon da ya tuna samun 'yancin kai na 1957 da wayonsa, kati kuma yana cewa bai kai 70 ba.

To, in kati na raye, me yake ɗauka? Ganin likita, kwanciya, yawancin tiyata, magungunan da ke cikin jerin hukuma, gashin ƙashi, har da aikin cire yanar ido. Wannan na ƙarshe ya kamata a yi ta shelarsa a masallatai, domin akwai tsofaffin da ake ja da sanda shekara da shekaru ana ce musu makafi, alhali yana ce kawai, aikin da ba ya kai awa ɗaya. Abin da katin ba ya ɗauka kuwa shi ne ainihin abin da naƙasasshe ya fi bukata: keken guragu, ƙafar roba, takalmin ƙarfe, na'urar ji, tabarau. Za a yanke wa mai ciwon suga ƙafa a kan inshora, amma ƙafar da zai taka daga baya daga aljihunsa za ta fito. Dokar masu naƙasa ta 2006 ta yi alkawarin magani da kayan taimako kyauta ga mai cikakkiyar naƙasa, amma mai karɓar kuɗi a taga kati yake tambaya, ba lambar doka ba. Haka nan ba a tashi daga gida a faɗa manyan asibitoci irin su Korle Bu na Accra ko Komfo Anokye na Kumasi kai tsaye in ba larurar gaggawa ba, sai da takardar turawa daga ƙaramin asibiti. Kuma saboda hukumar inshora takan makara wajen biyan asibitoci, sau da yawa akan ce magani ya ƙare, a rubuta maka ka saya a kemis.

Keke da ƙafar roba hanyarsu daban. Kowace majalisar gunduma tana samun kaso daga asusun bai-ɗaya na ƙasa, a cikinsa an ware wa masu naƙasa wani yanki, an fara da kashi 2 cikin 100, daga baya aka kai 3. Mutumin unguwar Nima a Accra zai nemi nasa a gundumar Ayawaso ta Gabas, na Aboabo da Asawase a Kumasi kuma a Asokore Mampong. Da farko a yi rajista a ofishin walwala, sannan a rubuta wasiƙa a faɗi abu guda da ake so da kuɗinsa, a haɗa da hoto na tsaye mai nuna naƙasar, da kwafin Ghana Card, da takardar likita in kuɗin magani ne. Kwamiti yakan zauna, a wasu wuraren har a zo gida a gani da ido. An fi ba da kaya a kan tsabar kuɗi: firiza, keken ɗinki, injin niƙa, kuɗin makaranta. Inda ake faɗuwa shi ne wasiƙar da ta ce “a taimake ni” ba ta ambaci komai ba, da kuma neman abin da ba a yi lissafinsa ba. An sha ba mace firiza a gidan haya mai mita ɗaya da mutum ashirin ke rabawa, rigimar kuɗin wuta ta sa kafin shekara ta sayar da ita. Kuɗin kuma ba ya sauka a kan lokaci, mutum kan yi shekara yana jira. Wanda yake cikin ƙungiyar makafi ko ta guragu ko ta kurame ya fi saurin ji in an fara rabo, domin suna da wakili a kwamitin. Aikin ƙafar roba da takalmin gyara kuwa, cibiyar garin Nsawam da ke kusa da Accra ce aka fi sani, ta 'yan mishan ce, kuma ba a tambayar addinin kowa a ƙofa.

Akwai kuma LEAP, tallafin da aka fara a 2008, ana biya duk wata biyu ga gidajen da talauci ya yi wa katutu masu maraya, ko tsoho mai 65, ko mai naƙasa mai tsanani. A 2024 ya kama daga sidi 256 zuwa 424 gwargwadon yawan mutanen. Ba a nemansa da wasiƙa, zuwa ake yi a ƙidaya gidaje a zaɓa. Kuɗin ba ya riƙe gida, amfaninsa babba shi ne wanda ke ciki ana yi masa katin inshora kyauta.

Yanzu ga namu na zango, wanda shi ne ainihin tambayarka. Abin da ka sani a Kano bai ɓace a nan ba. Ranar da aka kwantar da mutum, kafin la'asar labari ya kai masallacin unguwa, liman ya yi sanarwa, faranti ya zaga. Ƙungiyoyin mata, waɗanda ake yi wa kallon na biki da anko ne kawai, su ne suka fi kowa saurin haɗa kuɗi, wani lokaci a ba mai jinya kwasar adashi tun zagayenta bai zo ba. Maigida yakan ɗaga wa ɗan haya ƙafa wata biyu ko uku. Samarin majalisa su ne masu ba da jini da ɗaukar mara lafiya zuwa bakin titi. 'Yan'uwa na Jamus da Amurka su turo nasu. Wannan duka na sati biyun farko ne, Malam, kuma a sati biyun nan ba gwamnatin da za ta kama ƙafarmu. Amma faranti an yi shi ne don ciwon da ke da ranar warkewa ko ranar jana'iza. Naƙasa ba ta da ko ɗaya. Ba a yi wa mutum ɗaya sanarwa sau biyar a masallaci, shi ma kunya ba za ta bar shi ba. Daga wata na uku sai jinyar ta koma kan mace ɗaya, mata ko 'ya ko suruka, wadda ta ajiye sana'ar wake da shinkafarta ta zauna. Shi ya sa a ganinmu sadakar da ta fi tsoka a yau ita ce a samu mutum ɗaya a kowane masallaci mai littafi, ya rubuta sunan kowane tsoho da naƙasasshe da ranar da katinsa zai ƙare. Wasu masallatai da ƙungiyoyin matasa sun fara gayyato ma'aikatan inshora su yi rajistar jama'a a unguwa, kansila, wanda nan ake ce wa asambiliman, yana shiga gaba.

Sarautun makafi da guragu suna nan a manyan zangunan, suna sasanta rigima, suna saukar da baƙo. Sai dai bara laifi ne a dokar Ghana tun 1969, kuma lokaci zuwa lokaci jami'an shige da fice kan yi shara a titunan Accra, wadda mu nan muke kira Ankara, a kwashe mabaratan da suka zo daga Nijar da Najeriya a mayar da su gida.

Bari mu shiga ɗaki, domin a nan ake rasa mutane, ba a asibiti ba. Mai shanyewar ɓarin jiki an sallamo shi, an kai shi ɗaki ɗaya a gidan haya a Nima, lungun da za a bi kwata ce a buɗe da katako a kai, keke ba ya wucewa, banɗaki na kuɗi ne a can bakin hanya. Yana kwance a tabarma ko katifar da ta lotsa. Cikin kwana kaɗan fatar ƙugu da ta gindin baya da ta diddige za ta canja launi, ta yi zafi ko tauri, a baƙar fata ba ja take yi ba, duhu take ƙarawa, shi ya sa ba a lura. Daga nan sai gyambo, daga gyambo sai ƙwayar cuta ta shiga jini. Maganinsa juyi ne duk awa biyu, dare da rana, da matashi tsakanin gwiwoyi da wani a ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya tashi daga shimfiɗa, da canja zane da zarar ya jiƙe. Kada a murza wurin da ya canja launi, kada a gasa shi da ruwan zafi, domin ɓarin da ya mutu ba ya jin ƙuna. Abinci a zaune ake ba shi, koko mai kauri ya fi ruwa tsararo sauƙin haɗiya, in yana tari ko muryarsa na gurgura bayan kurɓa to yana shiga huhu ne, a tsaya a gaya wa likita. Watannin farko su ne lokacin da gashin ƙashi ya fi amfani, su ne kuma lokacin da dangi ke kashewa wajen yawon neman wanda ya yi jifa. Addu'a da rubutu ba wanda ya hana, amma kada a ajiye maganin hawan jini dominsu. Keken da aka samu sadaka ma a duba shi: in ya yi faɗi mutum zai karkace, in ba matashin zama sai ya haifar da gyambon da ake gudu.

Taɓin hankali da farfaɗiya su ne muka fi ɓoyewa, saboda auren 'yan'uwan mai ciwon. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta ce jinyar ƙwaƙwalwa kyauta ce, manyan asibitocinta uku kuma duk a kudu suke, na Accra da Pantang da Ankaful. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ba sai an je can ba, asibitocin gunduma suna da nas na wannan fanni, masu ba da ƙwaya da allurar wata-wata. Matsalar ita ce yankewar magani, da kuma dangin da ke dakatarwa da zarar mutum ya natsu, ciwon ya dawo fiye da da, a ce maganin asibiti bai yi ba, a koma ɗaure shi da mari, abin da hukuma ta hana. Mai farfaɗiya in ta tashi, a kwantar da shi ta gefe, a janye wuta da ƙarfe, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa ruwa, yawunsa ba ya harbin kowa. In ta wuce minti biyar a kira lambar gaggawa, 112.

Kurma kuwa nasa daban ne. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantun Ghana, irin ta Mampong-Akuapem, ta samo asali ne daga ta Amurka, ba irin ta kuramen Kano ba ce. Tafinta a asibiti ƙalilan ne, don haka a tafi da wanda ya saba da hannunsa, kuma a sa likita ya rubuta yadda za a sha magani a jikin kwalin.

Sauran tambayarka ta ƙarshe, ko ka kawo ɗan ƙanenka mai shan inna nan. Ba mu ba ka shawara ba. Baƙo sai ya yi katin baƙi, kuɗinsa ya haura dala 100, sannan ya yi inshora ya jira wata, kuma takalmin ƙarfen da yake bukata ba ya cikinta. Asusun gunduma da LEAP na waɗanda ke cikin rajistar wurin ne. Kuna da asibitin ƙashi na Dala a bayan gidanku, ku fara da can a auna ƙafar, kuɗin motar Kano zuwa Kumasi ya tafi wajen takalmin. In an yi masa, a riƙa komawa ana sake awo yayin da yake girma, a kuma duba fatar ƙafar kowane dare bayan an cire.