Hukuncin Wanda Ya Raunata Karen 'Yan Sanda

Tambaya: Malam, ƙanena ya jefi karen 'yan sanda da dutse lokacin bincike a wata tashar mota a Gombe, har ƙafarsa ta karye. Me zai fuskanta?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ku ɗauki maganar da wasa. Karen dukiyar gwamnati ne. Ana iya tuhumar ƙanenka da ɓarna, cutar da dabba, da hana ma'aikaci aikinsa. Bayan ɗauri ko tara, kotu na iya sa shi biyan diyya, kuma kuɗin horar da kare mai shinshino miyagun ƙwayoyi yakan fi kuɗin magani yawa. A Amurka, kashe karen jami'an tarayya na iya jawo ɗaurin shekara 10. Ku nemi lauya, ku karɓi rahoton likitan dabbobi kafin ku amince da kowane adadi.