Me Zan Duba A Rahoton Mai Kula Da Shafina?

Hajiya, kin ce mai kula da shafin intanet na shagonki yana turo rahoto duk ƙarshen wata amma ba kya gane kansa. Fara da lokacin da shafin ya yi yana aiki. Kashi 99.9 na nufin ya ɗauke kusan minti 43 a wata. Kashi 99 kuwa ya haura awa 7, masu saye na ƙwanƙwasa ƙofa a rufe.

Abin da ya fi damuna shi ne kwafin ajiya, wato kwafin shafin da ake adanawa don a maido da shi in ya lalace. Kada ki yarda da "an ajiye" kawai. Tambaye shi yaushe ya ajiye na ƙarshe, a ina, kuma ya taɓa gwada maido da shafin daga ciki? In da manhajar gina shafi ta WordPress aka gina shi, ya lissafo miki abubuwan da ya sabunta.