Littattafan da suka gyara mini hannu a rubuta manhaja

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambayi littafin da ya kamata wanda ya riga ya iya harshen rubuta manhaja irin su Python ko Java ya karanta domin aikinsa ya yi inganci, to ga abin da na gani a shekarun da na yi ina wannan sana'a a nan Abuja.

Ka fara da Code Complete na Steve McConnell, wanda ya fito a 1993, aka sake buga shi da gyare-gyare a 2004. Littafi ne mai kauri, ya haura shafi 800, kuma ni kaina na ajiye shi yana shan ƙura har ranar da aka danƙa mini wata manhajar lissafin albashi a wani ofishi da ke Garki, wadda mai rubuta ta ya bar aiki ba tare da ya bar ko layi ɗaya na bayani ba. Fankshan guda, wato guntun manhaja mai yin wani aiki takamaimai, ya kai layi 700, sunayen da ke ciki kuwa x1 ne da x2, ta yadda duk inda na taɓa domin gyara haraji sai kuɗin fansho ya rikice. A lokacin ne babin zaɓen sunaye da babin tsara fankshan suka zauna mini a kai, domin ina karantawa ina ganin cutar a gabana. Shi ya sa nake cewa ka riƙa karanta shi da wani tsohon aiki buɗe a kwamfutarka, ko da naka ne na bara.

Wanda ya fitar da ni daga wannan ramin shi ne Working Effectively with Legacy Code na Michael Feathers, na 2004. A wurinsa duk kod ɗin (wato rubutun manhaja) da ba shi da gwajin da ke tabbatar da yana aiki daidai tsohon kaya ne, ko jiya aka rubuta shi, don haka sai ka kewaye wurin da gwaji kafin ka sa hannu. Refactoring na Martin Fowler, littafin gyara tsarin kod ba tare da canza aikinsa ba, yana tafiya tare da shi. Bugun 1999 da Java aka yi misalansa, na 2018 kuwa da JavaScript, sai ka duba wanda ya dace da kai.

The Mythical Man-Month na Fred Brooks, na 1975, ka bari sai an fara ba ka jagorancin mutane. Hujjarsa ita ce ƙara ma'aikata a aikin da ya riga ya makara yana ƙara masa jinkiri. Na faɗa wa oganmu haka, bai saurara ba, ya kawo mutum biyu, muka shafe mako uku muna koya musu inda komai yake.