Tambaya da Amsa: Yadda Sarkin Faransa Ya Haɗa Wuƙa da Nama a Hannunsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na karanta cewa Luwi na 14 na Faransa ya yi mulki ba mai ce masa uffan. Ta yaya mutum ɗaya ya iya haka, alhali ƙasar cike take da manyan masu sarauta? Daga wani ɗalibi a Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam. Luwi ya hau gado a 1643 yana ɗan shekara 4, kuma yana yaro ya ga tawayen da alƙalan Paris da 'ya'yan sarauta suka yi daga 1648 zuwa 1653, har sai da aka fice da shi daga birnin cikin dare. Da waziri Mazarin ya rasu a 1661 sai ya ƙi naɗa wani. A shekarar ya sa aka kama Fouquet, mai kula da baitulmali, kowa ya shiga taitayinsa.

Majalisarsa ta ƙoli mutum uku zuwa biyar ce, kuma ba daga manyan gidaje yake ɗauko su ba. Irin su Colbert, ministansa na kuɗi, ne, waɗanda arzikinsu duk a hannun sarki yake. Larduna kuwa ya danƙa su ga wakilai kusan 30 masu duba haraji da shari'a da tsaro. Sirrin wakilan nan shi ne aron kujera aka ba su, ranar da sarki ya ga dama sai ya karɓe abarsa. Babbar majalisar ƙasa ba a kira ta ba tun 1614, kuma shi ma bai kira ta ba. A 1673 ya umarci manyan kotuna su fara rattaba dokarsa a littafi, in suna da ƙorafi ya biyo baya.

Masu sarauta fa? Bai yaƙe su ba, jawo su ya yi. Daga 1682 fada ta koma Versailles, wani gari kusa da Paris, kuma mai neman muƙamin soja ko kuɗin alheri ko aure mai tsoka ga 'yarsa dole a riƙa ganin fuskarsa a can. Basaraken da ke takarar wa zai miƙa wa sarki riga da safe ba shi da lokacin tara mayaƙa a ƙauyensu.

Amma kada ka ɗauka ikon ba shi da iyaka. Wajen kuɗi ne abin ya cije. Babban harajin ƙasa bai hau kan masu sarauta da limaman coci ba, talaka ne ke ɗauka. Harajin gishiri da na kaya 'yan kwangila ake sayar wa, su ba sarki kuɗi a gaba, su tatsi jama'a su cire ribarsu. In aljihu ya bushe sai a ƙirƙiro muƙamai a sayar. Tun 1604 wanda ya sayi muƙami, in yana biyan kashi ɗaya cikin 60 na darajarsa duk shekara, zai iya gadar wa ɗansa. To, ka ga sarki ba zai iya korar alƙalin da ya sayi kujerarsa ba sai ya mayar masa da kuɗinsa, kuɗin kuma an riga an cinye a yaƙi. Sojojin da suka haura 300,000 a shekarun 1690 su suka tilasta sabon haraji a 1695 da 1710, wanda ya taɓa har manya. Ya rasu a 1715 ya bar bashi jibgi.

TAMBAYA: Me ya hana sarakunan Ingila yin haka? Daga wata malamar makaranta a Zariya.

AMSA: Sun gwada, Malama. Charles na 1 ya yi mulki ba majalisa daga 1629 zuwa 1640, amma a Ingila sabon haraji sai da yardarta, kuma ba shi da tsayayyar rundunar da zai tursasa kowa. Yaƙi da Sukotlan ya sa dole ya kira ta, rikici ya kai ga yaƙin basasa, aka sare kansa a 1649. Dokar 1689 ta haramta wa sarki sa haraji ko ajiye soja lokacin zaman lafiya ba izinin majalisa. Abin mamaki, hakan ya ƙara wa gwamnati ƙarfin aljihu, domin masu kuɗi sun fi sakin jiki su ba da rance in majalisa ce ta tsaya wa bashin. A 1694 aka kafa Bankin Ingila da rancen fam miliyan 1.2 ga gwamnati, lokacin ana tsakiyar yaƙi da Luwi.